Tambayoyi da amsoshi: mi ikilisiya ke yi a duniya, kuma mi ya kawo ta Tawa?

Waɗannan tambayoyi ne da ke dawowa kullum, wasu daga abokanmu musulmi a fada wajen shan shayi, wasu daga samarinmu na majami'a da kansu, wasu kuma ta WhatsApp ake turo su tsakar dare. Ni ba fasto ba ne, ɗan ikilisiya ne kawai a nan Tawa, sai na ga gara in tara su wuri guda in amsa. Wanda ke da gyara bismilla.

Wai a taƙaice mi ne ne aikin ikilisiya?

Ikilisiya jama'ar da ke bin Yesu Almasihu ce, kuma abin da munka yarda da shi shi ne ba dan kanta anka tara ta ba, aiko ta anka yi. A ƙarshen Linjilar Matiyu, sura 28, Yesu ya umurci almajiransa su tahi wajen dukan al'ummai su almajirtar da su, su yi musu baftisma, su koya musu kiyaye abin da ya umurta. A farkon Ayyukan Manzanni kuma ya ce za su zama shaidunsa tun daga Urushalima har iyakar duniya. To wanga shi ne tushen, amma in ka tsaya nan kawai sai ka yi zaton aikin duka surutu ne da lasifika. Wannan Yesun dai a Matiyu 25 ya ce abin da za a duba ranar shari'a shi ne ko ka ciyar da mai yunwa, ka shayar da mai ƙishirwa, ka karɓi baƙo, ka tufatar da matsiraici, ka duba mara lafiya da ɗan kaso. Ke nan ikilisiya tana yi ma Allah sujada, tana faɗin labarin Almasihu ga wanda ke son ji, tana kuma hidima ga mutane ko su wa ne ne, kuma duk wadda ta riƙe guda ta yar da sauran to ta gurgunce.

Abin ma bai fara daga Matiyu ba. Tun cikin Farawa sura 12 da Allah ya kira Ibrahim ya ce mishi ta wurinsa dukan kabilun duniya za su sami albarka. Wato kira ne na a zama albarka ga wasu, ba na a shiga ɗaki a rufe ƙofa a ce mu ne zaɓaɓɓu ba.

Amma ai addinin nasara ne, su sunka kawo muku shi

Su sunka kawo shi nan ƙasar tamu, wannan gaskiya ne ba mai musu. Amma ba su sunka fara shi ba. Yesu a Baitalami anka haife shi ya girma a Nazarat, bai taɓa taka Faransa ko Ingila ba, ƙasar waje da Linjila ta ce an kai shi yana jinjiri ita ce Masar, a nan Afirka. Wanda ya ɗauki gicciyensa a hanya Saminu ne mutumin Kurane, garin da kangonsa yana cikin Libiya ta yau. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha da anka yi ma baftisma a bakin hanya. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi kiristanci cikin ƙarni na 4, lokacin da yawancin arewacin Turai suna bautar gumaka. Agustin, wanda har yau katolika da furotesta duk suna karanta shi, an haife shi a shekarar 354 a ƙasar da yau ake ce ma Aljeriya, ya yi aikinsa a Hippo, wato Annaba ta yanzu, maƙwabtanmu ne na arewa.

Kuma 'yan uwanmu musulmi sun fi kowa sanin labarin hijira ta farko zuwa Habasha, wajen shekarar 615, inda Najashi, sarki kirista, ya ba sahabbai mafaka ya ƙi miƙa su. To in akwai sarki kirista baƙar fata a wancan zamanin, ina maganar addinin nasara?

Abin da zan yarda da shi shi ne, wasu 'yan mishan na da sun haɗa bishara da al'adarsu, sun sa mutane suna ganin sai ka canza suna da tufafi da irin kiɗanka kafin ka zama mai bi. Wannan kuskure ne kuma ya bar tabo. Yau ka shiga majami'ar hausawa za ka ji ganga da kalangu da guɗa, mata da zane da kallabi, maza da babbar riga, ana karatu da hausa ana addu'a da hausa.

Yaushe ta shigo Nijar?

'Yan mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar masu bishara ta furotesta, sun sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru sunka buɗe wuri a Tsibiri kusa da Maraɗi. Ita SIM ɗin ta faro ne a 1893 da samari uku da sunka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Hausa, biyu daga cikinsu Walter Gowans da Thomas Kent ba su shekara biyu ba sunka mutu, Rowland Bingham kaɗai ya saura. Katolika kuwa a 1931 sunka kafa mishan a Yamai. Yamai ta zama dayosis a 1961, sannan a 2001 anka fitar da dayosis ta Maraɗi, wadda mu nan Tawa muke cikinta tare da Damagaram da Agadas da Difa. Daga aikin SIM ne ikilisiyar EERN, wato ikilisiyar bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito, 'yan ƙasa sunka karɓi jagoranci a farkon shekarun 'yancin kai. Littafi Mai Tsarki cikakke da hausa kuma tun 1932 yake akwai.

Asibiti da lakkol ɗin nan naku ba tarko ba ne? Ku ba mutum magani dan ya bar addininsa

Wagga ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ba na jin haushin mai yin ta dan yana da hujjar yin zato, duniya ta koya mana ba a cika ba ka abu dan Allah ba.

Mu ɗauki Galmi tunda tamu ce, tana cikin jihar Tawa a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, garin albasa. An buɗe asibitin a 1950. Ka je can da sassafe ka gani, tun kafin gari ya waye mutane sun shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofa, ga buzu da rawaninsa ya taho daga arewa, ga bafillata da ƙwaryarta, ga wanda anka ɗauko a amalanke an ɗaure mishi ƙafa da kara da tsumma, ga 'yan Najeriya da sunka tsallako iyaka, masu jinya sun hura wuta da duwatsu uku suna dama kunu, in lokacin salla ya yi kowa ya ɗauki butarsa ya yi alwala ya yi sallarsa. Kusan duk musulmi ne. Shekara saba'in da wani abu ana haka. To in da tarko ne ai da yanzu Galmi da Malbaza da Madawa duk sun zama kirista, amma je ka ƙirga masallatai ka ƙirga majami'u ka dawo mu yi magana. Ana yi ma mutum aikin tiyata ya warke ya koma garinsu da addininsa yadda ya zo da shi.

Haka Danja kusa da Maraɗi, asibitin kutare tun 1956, lokacin da kuturu ko danginsa ba su cin abinci ƙwarya guda da shi, daga baya a 2012 anka ƙara wurin yi ma mata masu yoyon fitsari aiki. Haka makarantun katolika irin Mariama a Yamai, yawancin ɗiyan da ke ciki ɗiyan musulmi ne, iyayensu da kansu ke kai su, suna fitowa da takardarsu da sallarsu.

Ba zan ɓoye ba, a Galmi ana addu'a da sunan Yesu, akwai masu bishara da ke zagayawa, ba a taɓa cewa asibitin gwamnati ba ne. Wanda ya tambaya dan mi kuke wanga aiki za a gaya mishi saboda Almasihu ne. Amma tsakanin ka faɗi dalilinka da ka sa sharaɗi akwai nisa sosai. Duk ranar da wani ya ce ma mara lafiya ko mai yunwa sai ka tuba sannan ka samu, to ya fita daga koyarwar Yesu ko da gicciye goma ya rataya a wuya. Yesu ya warkar da kutare goma a Luka 17, guda ne kawai ya dawo ya yi godiya, bai kuma maido ma sauran taran kuturtarsu ba. Kuma ko ta wajen dabara ma, wanda ya shigo dan buhun shinkafa ranar da buhun ya ƙare shi ma ya ƙare, fastocinmu tsofaffi sun sha gani lokacin yunwa.

To wa'azi da taimako wanne ke gaba?

Kiristocin duniya sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Wasu sun ce ceton rai kawai, jiki ai ƙasa zai koma, wasu kuma sun koma kamar ONG, rijiya da banki na hatsi da rahoto, ba ka jin sunan Allah a bakinsu sai wajen buɗe taro. A babban taron Lozan na ƙasar Suwis a 1974 shugabannin masu bishara daga ƙasashe sama da 150 sun amince duka biyun wajibi ne a kan kirista. Amma ni a ganina Yakubu ya riga ya kashe maganar tun da can a wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, sura 2, inda ya ce in ɗan uwa ba shi da tufa ba shi da abinci ka ce mishi sauka lafiya Allah shi ƙosar da kai, ba ka ba shi komi ba, mi ka yi? Ikilisiyar farko ma rigimarta ta fari a kan rabon abinci ga gwauraye mata ce, Ayyukan Manzanni sura 6, har sai da anka zaɓi mutum bakwai anka ɗora musu wanga aiki.

Misali guda da nake so, dan ba asibiti ba ne ba lakkol ba ne. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan ɗin SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, yana Maraɗi yana ta dasa itace suna mutuwa, sai ya lura kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sassabe suna da rai a ƙasa, in ka bar musu reshe biyu uku ka datse sauran sai su koma itace. Manoma da kansu sunka ɗauki abin sunka yaɗa shi gona zuwa gona, shi ne sassabin zamani, yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 a ƙasar nan. Gawon da ke cikin gonar malam limamin ƙauye bai san ko wane ne ya fara kawo dabarar ba, kuma ba sai ya sani ba. Kula da ƙasar da Allah ya ba mu amana yana cikin kiran.

Ku da ba ku kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, wane kira kuke magana?

Ƙidayar 2012 ta nuna musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 a Nijar, kirista ƙasa da kashi 1. Nan Tawa kuwa abin ya fi haka ƙaranci, da yawa cikin masu zuwa majami'a ma'aikata ne da anka turo aiki, sojoji, malaman lakkol, ɗalibai, 'yan Benin da Togo da Najeriya masu sana'a, sai 'yan gidajen asalin nan ƙalilan. Wani lokaci shekara biyu uku an canza ma mutum wurin aiki ya tahi, benci ya koma wayam.

Amma Yesu bai ce ku ne tuwon duniya ba, gishiri ya ce, Matiyu 5. Ba wadda ke zuba gishiri da tiya a tukunya, ɗan kaɗan ne da yatsu, in babu kowa zai sani, in ya taru wuri guda bai narke ba shi ma ba ya ciyuwa. Wannan na biyun shi ne ciwonmu mu 'yan tsiraru, mu taru mu kaɗai, mu yi ciniki mu kaɗai, mu yi ta kukan an tsane mu, unguwa ba ta san mu ba sai ƙarar waƙa ranar lahadi. Irmiya 29 wasiƙa ce zuwa ga yahudawan da anka kwashe zuwa Babila, baƙi ne ba su da iko, amma anka ce musu su gina gidaje su yi shuka su nemi lafiyar garin su yi mishi addu'a, dan cikin lafiyarsa tasu take. Balle mu da ba baƙi ba, nan anka yanke mana cibiya.

Ba aikin fasto da masu bishara ba ne? Ni tela ne

Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi yana ci da hannunsa, Ayyukan Manzanni 18. Fasto mutum nawa yake gani a sati? Kai kuwa shagonka a bakin kasuwa mutum nawa ke shiga? In ka ce ma mace ranar alhamis ɗinkinta zai fito kuma ya fito ranar alhamis, ka maido mata ragowar yadinta ba ta tambaya ba, to ka yi abin da wa'azin awa biyu bai yi ba. Haka malamin lakkol da ba ya sayar da maki, haka ma'aikaciyar gidan likita da ba ta tsawa ma 'yar ƙauye mai naƙuda, haka ɗan kabu-kabu da ba ya ninka ma baƙo kuɗi.

Kuma in gaskiya za a bi, masu riƙe da ikilisiya a ƙasar nan zumuntar mata ce. Su ne in an yi rasuwa tun kafin maza su gama shawarar wa zai yi magana sun ɗaura zanensu iri guda sun aza tukwane, wagga ta kawo tiyar hatsi waccan ta kawo dala ashirin a ƙulle a bakin zane, sai ka ji babbarsu tana cewa "ke 'yar nan, tashi ki kai ma inna kunun nan tun da zafi, tun jiya ba ta sa komi a bakinta ba". Ba su taɓa zuwa makarantar tauhidi ba, ba sa kuma tambayar mamacin ko na wane addini ne in dai maƙwabci ne.

Kuna tilasta ma mutum ya shiga?

A'a. Da mi ma za mu tilasta? Kuma ko da muna da ƙarfin, bangaskiyar dole ba bangaskiya ba ce. Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi, 1 Bitrus 3. Zagin addinin wani ko annabinsa ba ya cikin aikinmu, wanda ya yi shi bakinsa ya ara ba na ikilisiya ba. Tarihi yana da wuraren da masu sunan kirista sunka tilasta ma mutane da takobi, ba mu kare su, abin kunya ne.

Bayan abin da ya faru a 2015 ba ku riƙe mutane a zuci ba?

Ga wanda bai sani ba ko ya manta: ranar juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da asabar 17 a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta juye, anka ƙona majami'u da gidajen fastoci da makarantu da mashaya, mutum 10 sunka mutu, 'yan sanda sun ce majami'u 45 anka ƙona a Yamai. Mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba, waɗanda da yawansu su ma zanen ya ɓata musu rai, su sunka biya. Tsoron ya iso har nan, an yi kwanaki kowa yana kwana da waya a hannu.

In na ce ba wanda ya ji ciwo na yi ƙarya, akwai waɗanda har yau in sun ji hayaniya ranar juma'a gabansu ke faɗuwa. Amma abu biyu ne ba a cika faɗi ba. Na ɗaya musulmi da yawa sun ɓoye maƙwabtansu kirista a cikin gidajensu, wasu sun tsaya a ƙofa sun hana a shiga, malamai sun fito sun yi tir. Na biyu shugabannin ikilisiya, katolika da furotesta, sun fito fili sun ce sun yafe, ba a kuma ji an rama ko da jifa guda ba. Wasu samari sun ga kamar tsoro ne ya sa, wai ba yadda za mu yi ne. Wataƙila akwai tsoron a ciki, mutane ne. Amma Romawa 12 ba ta ce kada ku rama in ba ku da ƙarfi ba, cewa ta yi kada ku rama mugunta da mugunta, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ciyar da shi. In ikilisiya ba ta iya wannan ba a ranar da anka ƙona ta, to sauran wa'azinta na gafara duk iska ne.

Bayan nan ma an ga wasu jarabawa, an sace Jeffery Woodke, ba'amurke kirista mai aikin agaji, a Abalak a Oktoban 2016 sai 2023 ya fito, an sace limamin katolika Pier Luigi Maccalli a Bomoanga wajen Makalondi a 2018 ya yi shekara biyu a hannunsu. Sai dai mu riƙa tunawa masu bindigar nan musulmi sunka fi kashewa, mutum 137 da anka kashe a yankin Tiliya a Maris 2021 ba kirista ba ne. Masifar ta kowa ce.

Ikilisiya tana siyasa?

Ba ta da jam'iyya kuma bai kamata ta yi ba. Ana yi ma shugabanni addu'a kowace lahadi ko farar hula ne ko soja, haka 1 Timoti 2 ta ce, ana biyan haraji, na Kaisar a ba Kaisar. Ɗan ikilisiya yana iya shiga siyasa da sunansa. Amma shiru a kan zalunci shi ma ba kira ba ne, annabawa irin su Amos da Mika sun yi ta faɗa a kan mudun algus da alƙalan da ke cin hanci. Abin da ba na so shi ne fasto ya mai da bagadi wurin kamfen, ko ya riƙa bin manya ofis ofis dan a ba shi ambulan.

Kuɗin daga ina suke zuwa? An ce daga Amurka ake turo muku

Manyan ayyuka irin asibiti da rijiyoyi da agajin yunwa suna samun taimako daga waje, ba a ɓoye yake ba, CADEV ta katolika ma cikin haɗin Caritas na duniya take. Amma majami'ar unguwa da baiko take rayuwa, dala biyar dala goma, wani jika guda in wata ya yi kyau, a ƙauye kuma bayan girbi damin hatsi ake kawowa ko akuya. Fastoci da yawa suna noma ko koyarwa dan abin da ake ba su ba ya kai su rabin wata. Wanda ke zaton duk kirista yana karɓar dala ta Amurka ya zo ya ga rufin kwanonmu da damina.

Dogaro da waje kuma yana da illa, ikilisiyar da ta saba miƙa hannu ba ta koyon bayarwa, in baƙo ya tahi sai aikin ya tsaya cak kamar porje. Sannan ga wata sabuwar cuta da ke shigowa ta talabijin da waya, masu wa'azin shuka iri, kawo jika goma Allah shi ba ka miliyan, sayi man shafawa ka samu biza. Wanga ba bishara ba ce, kasuwa ce, kuma talaka ake ci. Manzanni wani Siman ya taɓa miƙa musu kuɗi dan ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce mishi kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Kirista zai iya zuwa suna da biki da ta'aziyyar musulmi? Naman layya fa?

Ya je mana, in bai je ba wa zai je? Danginmu ne, wani uwa ɗaya uba ɗaya. Ka je ka zauna a tabarma ka yi gaisuwa, ka ba da gudummawa, in ana salla ka ja gefe da ladabi. Naman layya yawancinmu muna karɓa da godiya muna ci, mu ma ranar kirsimeti yara ke yawo da kwanonin shinkafa gida gida, kuma da yawa musulmi suke ba ya yanka musu dabbar dan kowa ya ci hankali kwance. Wanda lamirinsa bai ba shi ba kada a matsa mishi, amma shi ma kada ya maido ma maƙwabci kwano da wulaƙanci. Katolika ma tun 1965 a babban taronsu na Batikan na biyu sunka rubuta cewa suna duban musulmi da girmamawa, sunka yi kira a manta da tsohuwar gaba a yi aiki tare.

In kiranku guda ne dan mi kunka rarrabu haka?

Wasu rabe-raben tsofaffi ne, ikilisiyar gabas da ta yamma a 1054, furotesta daga 1517, a kan koyarwa da shugabanci. Wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, a kan kujera da kuɗi da wa ya fi wa ne. Yesu ya yi addu'a a Yahaya 17 mabiyansa su zama ɗaya dan duniya ta gaskata, ke nan rabuwar tana cin aikin kai tsaye. A gari irin namu abin dariya ne ma mutum talatin su kasu uku. Abin da ke ɗan sanyaya rai shi ne wajen rasuwa da wahala ba mai tambayar kai na wace majami'a ne.

Ina so in gani da idona ko in karanta, ya zan yi?

Sujada ranar lahadi da safe take, ƙofa a buɗe, ba a biyan komi ba a rubuta sunan kowa. Ka sa tufafinka na kullum, ka zauna baya in kana so, wasu wurare maza gefe guda mata gefe guda. Za a yi waƙa, a karanta Littafi, a yi wa'azi da hausa ko faransanci da mai fassara, a zaga da kwandon baiko, ba dole ka sa komi ba. In ana cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, wannan na waɗanda anka yi ma baftisma ne, sai ka zauna kawai ba wanda zai dube ka. Saboda halin tsaro wani wurin za a tambaye ka a ƙofa ko a duba jaka, kada ka ɗauke shi raini. In kuma shiga majami'a zai jawo maka magana a gida, Littafi Mai Tsarki da hausa yana cikin waya kyauta, na karantawa da na saurare, ka fara da Linjilar Luka ka bi da Ayyukan Manzanni dan mutum guda ya rubuta su kuma labarin a jere yake.